Taron da Manus Hughie Ya Aro

A Meenbrack, ƙauyenmu na kan dutse, idan ka ce kana neman Manus Gavigan, ba ka ce komai ba tukuna, za a tambaye ka wanne. A wajenmu ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba yake ci, ba a shawara, ba a neman ra'ayin mai jego. Tsoho Manus kuwa 'ya'ya maza huɗu ya bari, kowannensu ya buɗe haihuwa da namiji, sai aka wayi gari da Manus Gavigan har huɗu, kusan sa'o'in juna, kowa da dogon hancin nan na gidansu. Don a rarrabe su sai a laƙa wa kowa sunan ubansa. Maƙwabcina, wanda katangar dutse ɗaya ta raba gonata da tasa, shi ne Manus Hughie, ɗan babban wa, wanda gida da tumaki suka faɗo wa.

Sauran ukun duniya ta san da zamansu. Iyayensu sun sauka daga dutsen nan da wuri, suka sami aikin albashi a gari, 'ya'yan suka yi karatu. Ɗaya ya zama alƙali, irin mai leƙo mutum ta saman tabarau har mai gaskiya ya fara tunanin ko ya taɓa yin wani abu. Ɗaya ya shiga soja, ya je Kongo yana saurayi, ya je Labanan furfura ta fara fito masa, ya dawo da muƙamin kanar da kunne ɗaya da ba ya ji. Na ukun ya tsaya zaɓe ya tafi majalisa a Dublin. Shi ne wanda hotonsa ke kwana a jikin kowane turken lantarki, ruwa ya yi ta dukansa yana murmushi.

Namu ya bar makaranta tun bai yi gashin baki ba. Ya iya tumaki, ya iya gina katanga ba siminti, kuma ban taɓa jin ya zagi kare ba, wanda a cikinmu ba ƙaramin abu ba ne. Amma sunan nan ya zame masa rigar da ta fi ƙarfin kafaɗarsa. Idan ya je asibiti ko wani ofis ya faɗi sunansa, sai ka ga mai rubutu ya ɗago kai da sauri, ya dubi takalmin roba da hannun da sanyi ya fasa, ya mayar da kai. Har ya saba, kafin a tambaye shi sai ya riga cewa, “Ba shi ba ne.” Ba ya ma jira ya ji wanne ake nufi.

Mu ma ba mu raga masa ba. Idan ya shigo mashayar Packie Dorrian ranar kasuwar tumaki, sai wani ya miƙe ya ce kotu ta tashi, wani ya ƙame ya sara masa, wani ya tambaye shi yaushe za a zuba mana kwalta. Yakan yi dariya tare da mu, amma kunnuwansa su yi ja har ya gama kofinsa. Ba hassada yake yi wa 'yan'uwan nasa ba, da hassada ce da abin ya zo da sauƙi. Kunyarsu yake ji. Idan suka zo da rani suka tsaya a tsakar gidansa da takalma masu sheƙi suna yaba iskar dutse, sai ya shige ɗaki ya sako kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya karɓe su a gidan ubansa kamar shi ne baƙon. Abin nan yana ba ni haushi, na kuma sha gaya masa.

Matarsa Ishbel ba 'yar nan ba ce. A Scotland ya gamu da ita, shekarun da muke tsallakawa tonon dankali da kaka. A gidan marayu ta tashi, ba ta san uwa ba, ba ta san uba ba, ba ta da ko ɗan'uwan da za ta yi fushi da shi. Ta biyo shi da akwati ɗaya, ta zauna a cikinmu fiye da shekara talatin, tana saƙa rigunan sanyi, tana gasa burodin da matata Treasa har yau ba ta yarda ya fi nata ba. Allah bai ba su haihuwa ba. Mu kuwa har ta tsufa 'yar Scotland muke ce mata, ba da mugun nufi ba, haka dai bakinmu ya saba.

Ba jana'izar da ke wuce Ishbel. A nan idan mutum ya mutu, abin da ake fara tambayar wanda ya je shi ne ko an yi taro, kuma daga amsar ake sanin matsayin mamaci, ko da ba wanda zai faɗa a fili. Ita ta gane wannan tun zuwanta. Takan tsaya a bayan ayari tana duban tsawonsa, ta dawo gida ta ba Manus labarin inda motoci suka kai, ko sun wuce gada ko ba su wuce ba.

Da ciwon daji ya kwantar da ita, Treasa da tsohuwa Sadie Cannon ne suka riƙa karɓa-karɓa a kanta. Sadie ita ke wanke mana gawa tun ina yaro, ƙafarta ɗaya ta daɗe da lalacewa, amma kullum sai ta hawo tudun nan da sanda. Wata rana da yamma na kai musu abin hura wuta, ina jibgewa a bakin murhu, ƙofar ɗaki a buɗe, na ji Ishbel tana magana.

“Manus, wa zai bi ni? Ba uwa, ba uba, ba ɗa. Daga kai sai kare, sai Sadie idan ƙafarta ta bar ta.”

“Ke dai yi shiru. Hanya za ta cika.”

“Baki dai ka iya.”

“Na ce miki za ta cika. Har mota sai ta rasa wurin juyawa.”

Na ɗauka irin maganar nan ce da ake yi wa mara lafiya don ya samu barci. Na kakkaɓe hannuna na fita.

Ta rasu a farkon sanyi. Mu maƙwabta ba ma bukatar rediyo, kafin Sadie ta gama shirya ta kowa a kwarin nan ya ji. Aka yi zaman makoki na kwana biyu kamar yadda aka saba, mutane suna shigowa bibbiyu, uku-uku, su durƙusa gaban akwatin gawa, su sha shayi, su fita wasu su shigo. Haka zaman makoki yake, ba a taruwa lokaci ɗaya. Amma Manus yana zaune a gefen akwatin, idonsa a ƙofa, kuma duk sanda ya ɗaga kai mutum biyar ko shida yake gani a ɗakin. Ina jin a nan ne ya fara tsoron ba za mu isa mu cika hanya ba.

Packie Dorrian, ban da mashaya, shi ke yi mana harkar jana'iza, shi ke kai sanarwar rasuwa gidan rediyon yankinmu, wadda duk gidan da ke lardin nan ake kashe hira a saurara da safe. Daga baya ya gaya mini yadda suka yi. Manus ya ja shi bayan rumbu ya ce a faɗa haka: uwargidan Manus Gavigan, Meenbrack. Packie ya ce, Hughie fa? Ya ce a bar shi. Packie ya ce to sunanta fa, ai yanzu da sunan mace ake sanarwa. Ya ce haka tsofaffi suke faɗa, kuma haka yake so. Ya ƙara da cewa kada a kai sai safiyar ranar da za a rufe ta. Packie ba yaro ba ne, ya san abin da hakan zai jawo, amma ba a musu da mai rashi a kan gawarsa.

Duk Gavigan, ko a ina ya yi rayuwarsa, Meenbrack ake dawo da shi a rufe, shi da matarsa. Kuma a wancan zamanin mai mutunci ba ya buga waya gidan rasuwa ya yi tambaya, hula yake ɗauka ya tafi. Saboda haka da aka karanta sanarwar nan, lauyoyi suka ce matar alƙali ce, tsofaffin sojoji suka ce matar kanar ce, 'yan jam'iyya kuwa ko ƙarshen sanarwar ba su jira ba.

Mu huɗu muka haƙa kabarin tun ana gobe jana'iza, aikin maƙwabta ne. Da rana ta ɗaga muka ɗauko ta daga gida a kafaɗa, ana canji a hanya, ruwa yana zuba irin mai shiga ƙashi. Muna karyo kwanar tudu na hango motoci. Sun wuce gada, sun wuce makaranta, har da bas guda ta 'yan jam'iyya da ta toshe mashigar gonar wani. Na dubi Manus. Yana tafe bayan akwatin, ya kafe idonsa a kan motocin, leɓensa yana motsi. Ba zan manta ba, a daidai lokacin fuskarsa ta mutumin da ya cika alkawari ce.

Kafin mu iso coci ta cika ba masaka tsinke. Baƙaƙen kwat masu tsada, shuɗɗan hulunan tsofaffin sojoji da lambobinsu a ƙirji, 'yan siyasa har kan matakala. Da ƙyar aka buɗa wa akwatin hanya ya shige, Manus ya bi shi zuwa bencin gaba, mutane suka sake haɗewa a bayansa. Mu da muka ɗauko ta muka tsaya a waje. Ba mu kaɗan ba ne. Duk kwarin ya fito, da mutanen kasuwar tumaki, da matan da take kai wa saƙa, da wasu daga bayan dutse da na yi shekaru ban gani ba. Sadie ta jingina da katangar coci ta rataye ƙafar nan tata, ruwa yana bi ta gefen ɗankwalinta. Manus yana ciki ya ba mu baya, bai ga ko ɗayanmu ba.

Treasa ce ta samu ta kutsa zuwa bakin ƙofa, ita ta ba ni labarin ciki. 'Yan'uwan nan uku dama za su zo, ai matar ɗan'uwansu ce. Suka iso a makare ta ƙaramar ƙofa, kowa da matarsa a gefe, lafiyarta ƙalau. Matar ɗan majalisa har da sabuwar hula. Treasa ta ce sai da wani ɗan jam'iyya ya dafe benci. Matan nan uku suka jeru a bayan Manus, raɗa ta tashi daga gaba ta yi baya, kowa yana leƙen na kusa da shi yana neman wanda zai gaya masa wa ke cikin akwatin. Da Fada, limamin cocinmu, ya ce a yi wa baiwar Allah Ishbel addu'a, wani tsohon soja, wanda shi ma bindiga ta cinye masa kunne, ya juya ga abokinsa, a zatonsa raɗa yake yi.

“Wace ce kuma Ishbel?”

Duk cocin ta ji. Treasa ta ce ta ga ƙeyar Manus ta yi ja, kansa ya yi ƙasa, bai sake ɗagowa ba har aka gama.

Wanda ya shigo coci ba ya fita bai gaisa da mai rashi ba, saboda haka suka yi layi. Wannan na gani da idona, domin an buɗe ƙofofi a lokacin. Kowa ya zo ya kama hannunsa ya ce sannu da haƙuri, idonsa kuwa ya riga ya tsallake shi yana kan nasa Manus ɗin a bencin baya. Hannu bayan hannu, ba wanda ya yi masa rashin kunya, ba kuma wanda ya san shi. Ɗan majalisa, da yake ba ya ganin taro ya ƙyale, ya koma bakin ƙofa yana yi wa jama'a godiyar zuwa. Wasu matasan lauyoyi biyu suka wuce ta gabana suna danne dariya, ɗaya yana cewa ashe ta manomin ce. Na so in taka masa ƙafa da takalmin haƙar kabari, Treasa ta riƙe mini hannun riga.

Da layin ya ƙare alƙali ya matso kusa da shi. Ya yi magana a hankali, amma ina kusa, mun shigo ɗaukar akwati.

“Manus, wa ya tsara sanarwar nan?”

“Ni ne.”

Alƙali ya dube shi ta saman tabarau. Ya dafa masa kafaɗa ya koma wajen matarsa. Da ya yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

Maƙabartarmu tana saman wata 'yar hanya mai taɓo, mota ba ta hawa. Kafin mu kai rabinta na ji ana ta tayar da injuna a ƙasa. Masu takalma masu tsada sun sauke nauyi, kowa yana da wurin zuwa. 'Yan'uwan uku sun hawo, ba zan ci haƙƙinsu ba, kanar har ya sa kafaɗa. Amma da aka saukar da ita, Fada ya rufe littafinsa, Manus ya juyo daga bakin kabarin, mu ya gani. A lokacin ne ya fara ganinmu a haɗe, jiƙe sharkaf, mun cika maƙabartar har wasu suna tsaye a kan katanga. Ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, duk ya san su, duk sun san sunanta. Sai ya mayar da idonsa kan takalminsa.

Ɗan gida ba ya rufe kabarin mamacinsa, wannan ma aikin maƙwabta ne. Amma ya miƙo hannu zai karɓi shebur ɗina, ina jin so yake ya sami abin da zai sunkuya a kai. Raina a ɓace yake, na janye.

“Ka aro masu cika coci, Manus. Wannan namu ne. Matsa.”

Ya matsa. Muka yi ta zuba ƙasa ana jan addu'a. Da muka gama mutane suka fara sauka, Sadie ta dogaro sandarta ta zo gabansa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma yi kama da mai fushi ba.

“Ni na wanke ta, Manus. Ni na tsefe mata kai. Ban ji ko kalma ɗaya ta addu'ar da aka yi mata ba.”

Ta kama hannunsa ta ce sannu da haƙuri, ta juya.

Labarin ya zaga lardin nan kaf. Har aka yi zaɓe na gaba mutane suna tare ɗan majalisa suna tambayarsa ya jikin marigayiya, shi kuma ya mayar da abin barkwancin kamfe. Manus ya daina shiga mashayar Packie. Idan ya sayar da tumakinsa sai ya kamo hanyar gida ko shayi bai tsaya sha ba. Mu ma mun yi fushi da shi tsawon sanyin nan, domin ya auna mu ya ga ba za mu isa ba, kuma ba abin da ya kai wannan ciwo. Sai dai idan na tuna shekara talatin muna ce wa matar nan 'yar Scotland, ba na iya cewa tsoron nata daga iska ta ɗauko shi. Da bazara ta zo na tsallaka katanga na taya shi haihuwar tumaki, ba wanda ya ta da maganar a cikinmu.

Dutsen da ya sa mata a kan kabari ba shi da ado. Ya sa an sassaƙa Ishbel da manyan baƙaƙe, a ƙasa matar Manus Hughie. Masu zuwa daga Amurka neman kaburburan Gavigan sukan wuce shi ba su sani ba.

Daga ranar jana'izar nan bai ƙara shiga cikin coci ba. Ba ya fashin Lahadi, amma a waje yake tsayawa, jikin katanga, daidai inda Sadie ta jingina, hularsa a hannu. Fada ya yi magana har ya gaji. Sadie da kanta, kafin ta rasu, ta aika masa cewa ya bar wannan shirmen ya shigo kafin sanyi ya kashe shi, ita ta manta. Ya ce a gaya mata ya gode. Shekaru suka wuce, alƙali ya rasu jaridu suka buga hotonsa, kanar ya rasu aka busa masa ƙaho, matasanmu suka watse Dublin da Ostireliya, cocin da ta taɓa gaza ɗaukar mutane ta koma ana jin amsa-kuwwar tarin mutum ɗaya.

Ya rasu bara da bazara. Ɗan Packie ne ya kai sanarwar yadda shi Manus ya bar masa: Manus Hughie, mijin marigayiya Ishbel. Mun je, mu da muka rage.

Amma ranar da nake yawan tunawa wata Lahadi ce a sanyinsa na ƙarshe. Ruwa ake yi da iska, ina zaune a ciki ina hango shi ta ƙofa, ya ranƙwafa, kwat ɗin nan ta zuwa coci ta yi masa yawa. Haushi ya kama ni, na taso a tsakiyar huɗuba na fito.

“Kai Manus, don Allah shigo. Ka tsufa da wannan abin. Dubi benci, ba kowa.”

Ya leƙa ciki, ya daɗe yana kallon bencin nan da ba kowa a kai.

“Babu wuri, Colm,” ya ce.

Na koma na ɗauko hulata a kan benci, na fito na tsaya kusa da shi har aka tashi.